Ban Ji Abin da Hafsan Ya Faɗa Mini Ba

Jawabin Marlene Tolliver a zauren majalisar garin Harlan Creek, jihar Missouri, a zaman jin ra'ayin jama'a

Mai girma Magajin Gari kuma shugaban wannan zama, Yallabai Eugene Stroud; 'yan majalisar garinmu masu daraja, maza da mata; Fasto Beckwith, wanda ya yi wa ɗana baftisma yana jariri, kuma shi ne ya yi masa addu'ar ƙarshe; Shugaban 'yan sanda da mutanensa; Lauyar gari, Madam Feldkamp; tsofaffin sojoji da ke zaune a layin gaba da hulunansu a gwiwa; mahaya babura da suka tsaya a baya saboda kujeru sun ƙare; 'yar uwata a baƙin ciki, Yolanda Ferris; iyayena, ƙannena, maƙwabtana, da duk wanda ya bar abincinsa a kan teburi ya zo wannan zaure: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da yamma.

Kafin in ce komai, sai na yi godiya. Na gode wa matan da suka cika mini ɗakin girki da tukwanen abinci har na rasa inda zan ajiye ƙafa. Na gode wa wanda ya riƙa yanke mana ciyawar ƙofar gida bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ya ce shi ne ba. Na gode wa direbobin da suka kauce gefen titi suka tsaya, suka cire huluna, har motar gawar ɗana ta wuce, ciki har da mai babbar motar katako da ba ma ɗan garin nan ba ne. Abin da kuka yi mana, ni da mijina Hoyt, ba mu da bakin biyansa. Allah ne zai biya ku.

Yawancinku kun san ni. Ni ce mai zuba muku gahawa a gidan abincin da ke kusa da gidan mai, tun wasunku suna zuwa a kafaɗar iyayensu. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na ƙarasa. Ban saba tsayawa a gaban makirufo ba, don haka idan muryata ta yi rawa, ku yi mini uzuri. Ɗana shi ne Kofur Wade Tolliver. An kashe shi a Iraƙi a kakar bara, muka binne shi a maƙabartar da ke bayan coci.

Abin da ya tara mu kun san shi, amma bari in faɗa da bakina don in tabbatar na gane. Majalisa ta rubuta doka da za ta hana kowa yin taro, ko ɗaga kwali, ko yin hayaniya kusa da coci ko maƙabarta a ranar jana'izar soja. Ana so a kira ta Dokar Wade. An ce ba za a sa sunan ba sai da yardata, kuma ana son yardar a yau, saboda ranar Asabar mai zuwa za a binne Kendra, 'yar Yolanda, wadda ita ma soja ce, kuma mutanen nan da suka zo jana'izar ɗana sun sanar cewa za su dawo.

Magajin Gari ya same ni a wurin aiki ya ce, "Marlene, ba wani abu ba ne. Ki tashi ki ce kin yarda, ki koma ki zauna. Ko gahawarki ba za ta huce ba." Yallabai, ka yi haƙuri, gahawar ta huce. Na yi niyyar in ce na yarda. Na sa wannan rigar da niyyar in ce na yarda. Amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a maƙoshi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗe su ɗaya bayan ɗaya, ko a cikinku akwai wanda zai warware mini.

Na farko shi ne su kansu mutanen.

Ba zan ambaci sunan cocinsu ba, don ambaton nan shi suke nema. Daga wata jiha suke zuwa. Sun ce ƙasar nan ta cika da zunubi, kuma duk sojan da ya mutu hukuncin Allah ne, don haka suke zuwa bakin kabari su yi murna. Ba su san Wade ba. Ba su san yana tsoron kaji tun yana ƙarami ba, ba su san ba ya cin fanke sai an ƙona gefensa ba. Sunansa kawai suka gani a jarida suka shiga mota.

Ni a zuciyata na zana su da ƙahoni. Na so su zama da ƙahoni, don da hakan ya fi mini sauƙi. Sai bayan kwanaki abokiyar aikina Opal Dunaway, ga ta can tana ɓoye fuska, ta zo gidana ta zauna tana murza jakarta. Na ce, "Opal, ki faɗi abin da ya kawo ki kafin ki tsinke hannun jakar nan."

Ta ce, "Marlene, ni na ba su abinci."

Na ce, "Su wa?"

Ta ce, "Su mana. Da safen ranar, kafin in rufe in taho coci. Sun cika teburin taga. Ƙwai da fanke suka ci. Sun riƙe hannun juna sun yi addu'a kafin su ci, abin da ko mazan garin nan ba sa yi. Matar da ke cikinsu, sa'armu ce, ta ce mini 'yan kunnena sun yi kyau. Har ta tattara farantai ta jera mini su don kada in wahala."

Na ce, "Ke kuma kika ce me?"

Ta ce, "Na ce ta gode wa Allah da ya ba ta tarbiyya. Ni da bakin nan nawa, Marlene. Da na sani da gishiri na zuba musu a gahawa, in bi da barkono."

Na ce, "Ke da ko ƙuda ba kya iya kashewa, sai dai ki buɗe masa taga."

Muka yi dariya, sannan muka yi kuka. Amma tun daga ranar wannan matar ba ta bar kaina ba. Ita ce na gani a labaran talabijin da yammacin jana'izar, riƙe da kwali mai rubutu cewa wutar jahannama ta ƙaru da mutum ɗaya. Hannun da ya jera wa Opal farantai shi ne hannun da ya ɗaga wannan kwali. Ta yaya? Ina tambaya ne da gaske. Fasto, na tambaye ka, ka ce zuciyar mutum rijiya ce mai zurfi. Na yarda, amma ban ga ƙasanta ba. Idan na ce mahaukaciya ce, mahaukaci ba ya jera farantai. Idan na ce mai imani ce, to wane Allah muke kira ni da ita? Wannan shi ne na farko, kuma ban warware shi ba.

Na biyu shi ne ranar jana'izar kanta. A nan ina roƙon mahaya babura su saurare ni da zuciya ɗaya, musamman kai, Rusty Gaines, don kai ne shugabansu, kuma na san ka tun kana satar kek daga kan kantar gidan abincinmu.

Da labari ya bazu cewa mutanen nan za su zo, Rusty ya tara abokansa daga garuruwa da yawa. Suka zo da baburansu da tutoci, suka jeru tsakaninmu da masu kwalaye kamar katanga. Manya-manyan maza masu gemu, waɗansu sun yi yaƙi tun kafin a haifi Wade, suna tsaye hawaye na bin gemunsu. Ban taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, kuma ba zan manta ba har in mutu. Duk lokacin da mutanen can suka ɗaga murya da waƙarsu, sai baburan su tayar da injuna gaba ɗaya, su danne su. Kuma sun danne su. Gaskiya ita ce, a bakin kabarin nan ban ji ko kalma ɗaya daga bakin masu kwalaye ba. Ban ma gan su ba. Tutoci kawai nake gani.

Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Hoyt.

Kun san yadda ake yi. Sojoji su ɗauke tutar daga kan akwati, su naɗe ta a hankali har ta zama kusurwa uku. Mai begila ya busa. Sannan hafsa ya zo ya durƙusa a gaban uwa, ya sa mata tutar a cinya, ya faɗi wasu kalmomi a hankali, ita kaɗai. Na ga an yi wa wasu a talabijin. Tun ranar da mutum biyu masu kaki suka tsaya a ƙofar gidana da labarin mutuwarsa, abin da na riƙe ke nan. Na ce wa kaina, Marlene, ki daure har zuwa lokacin da zai durƙusa, akwai abin da za a faɗa miki.

Mai begila ya ɗaga begilarsa, mutanen can suka fara waƙa, baburan suka tashi. Na ga kumatunsa sun kumbura, na ga yatsunsa, ban ji komai ba. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin kujerata. Hafsan ya zo ya durƙusa. Yaro ne mai jajayen kunnuwa, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa. Ya sa mini tutar, ya dube ni cikin ido, bakinsa ya yi ta motsi. Na karkata kunne. Na ce, "Me ka ce?" Shi ma bai ji ni ba. Ya miƙe, ya sara mini, ya juya.

A mota na ce wa Hoyt, "Me ya ce?"

Ya ce, "Ina zan sani, ni ma ƙarar ce ta cika mini kai."

Bayan kwana biyu ya ce, "Marlene, kalmomin nan iri ɗaya ne ake faɗa wa kowa. Duk tsohon soja ya haddace su. In kina so in kira wani ya faɗa miki."

Na ce, "Na sani, Hoyt. Amma ranar ni aka faɗa wa."

Rusty, kada ka sunkuyar da kai. Ba laifinka nake faɗa ba. Da ba ku zo ba, da wataƙila abin da zan ji a madadin begila shi ne sunan ɗana a bakin mutanen can, kuma ban san ko zan iya rayuwa da wannan ba. Kun tare mini mari da jikinku. Amma ku dubi inda na tsaya. Waɗanda suka ƙi ni ban ji su ba sai a talabijin, da hannuna na kunna. Waɗanda suka so ni su ne suka cika mini kunne a lokacin da na fi bukatarsa. To wa zan yi fushi da shi? Na ce su ne sanadi, kuma su ne. Amma idan na rufe ido, ba kwalinsu nake ji ba, injuna nake ji. Wannan shi ne na biyu.

Na uku shi ne dokar, da mijina.

Ni abin da na ɗauka, doka za ta ce: mutanen nan, kada su sake zuwa. Shi ke nan. Sai na je wurin Madam Feldkamp na ce ta karanta mini da harshen da zan gane. Ta yi mini kirki, ta ba ni kujera, ta ce, "Madam Tolliver, kundin tsarin mulki bai ba mu ikon mu zaɓi wanda zai yi magana saboda muna son abin da zai faɗa ba. Idan muka hana kwali, mun hana kowane kwali. Idan muka hana taro a gefen titi, mun hana kowane taro."

Na ce, "Har da wanda ya rubuta 'Allah ya jiƙan Wade'?"

Ta ce, "Doka ba ta karanta abin da ke jikin kwalin. In ta fara karantawa, kotu za ta rushe ta."

Na ce, "To ai makauniya ce."

Ta ce, "Da gangan aka yi ta haka."

Jama'a, garinmu titi ɗaya ne. Coci, gidan waya, maƙabarta, shagon aski, duk mutum zai iya jefa dutse daga wannan ya sauka a wancan. Tazarar da aka rubuta a dokar nan ta haɗiye titin gaba ɗaya. Ke nan 'yan makarantar da suka jeru da ƙananan tutoci ranar Wade, da matan coci masu kwalayen addu'a, da su Rusty da kansu, duk sai an nemi yadda za a yi da su. Madam Feldkamp ta ce za a iya gyara rubutun, wataƙila. Ta ce wataƙila har sau uku, ina lura. Ni dai tsorona kada garin neman gira a rasa ido.

Sannan ga Hoyt. Bai zo yau ba, kun san dalili. Tun bayan jana'izar, duk Juma'a yana tsayawa a gaban gidan waya da kwalin da ya rubuta da fentin gareji: "Ku dawo mana da sauran 'ya'yan." Ba ya magana, ba ya tare kowa. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa ɗaga murya ba ko a filin ƙwallo. Wasu suna danna masa ham su ɗaga hannu. Wasu kuwa, kuma suna cikin zauren nan, ba zan dube su ba, sun sauke gilashin mota sun kira shi maci amana. Wani ya ce masa yana tofa wa kabarin ɗansa yawu. Wani ya zo har wurin aikina, ina zuba masa gahawa, ya ce, "Marlene, ya kamata a yi dokar da za ta hana mijinki wannan abin kunya."

Na ce, "Ƙarin sukari?"

Ban ce Hoyt da mutanen can ɗaya ba ne. Allah ya kiyaye. Tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa, kuma duk mai zuciya ya san haka. Amma mutumin da ya faɗa mini wannan magana, a wurinsa kwalin Hoyt ƙiyayya ce, kuma da gaske yake ji, na ga idonsa. Shi ma yana da ɗa soja a can Iraƙi. To idan aka ba wani wuƙar yanke maganar da ta yi muni, wa zai riƙe wuƙar? Yau Yallabai Stroud ne, mun san shi, mun san mahaifiyarsa. Gobe fa? Na kwana ina juya wannan, sai in ce to a bar kowa ya yi maganarsa. Da gari ya waye sai in tuna kwalin matar nan, in ce a'a, wannan ba magana ba ce, duka ne. Wanda ya mare ni a bakin kabari za a kama shi. Wanda ya yi mini abin da ya fi mari, an ce 'yancinsa ne. An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To ita wadda aka zare a kaina, ina zan kai ta? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Na huɗu gajere ne, amma shi ya fi ci mini rai.

Mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, sun riƙe hannuna sun ce, "Wade ya mutu ne don kare 'yancin kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, har da na waɗancan." Wasu kuma sun riƙe hannun nan dai sun ce, "Wade bai mutu don a zage shi a kabarinsa ba." Kowa ya san dalilin mutuwar ɗana, sai ni. Ni abin da na sani, masana'antar taya ta rufe, yana son ya koyi gyaran manyan injuna, kuma wani mai kaki ya ce masa a soja za a koya masa kyauta. Ranar da ya gaya mini zai shiga soja na ce, "Wade, ka tsaya ka yi aiki a garejin kawunka." Ya ce, "Mama, Kawu ko taya bai iya ɗaurawa daidai ba, so kike in gaje shi?" Ya ɗaga ni sama kamar buhun gari ya juya da ni, ina dukan kafaɗarsa. Yana son ƙasarsa, ban ce ba ya so ba. Amma bai taɓa zama ya yi mini bayanin kundin tsarin mulki ba, kuma ba zan sa masa magana a baki yanzu da ba zai iya cewa "Mama, ba haka na ce ba" ba. Da yana nan, ban san gefen da zai tsaya ba. Wataƙila ya ce a kore su. Wataƙila ya yi dariya ya ce a bar wawaye su bushe a rana. Ya iya ba ni mamaki.

To yanzu ga amsata, iyakar wadda nake da ita.

Game da dokar, ko a yi ko kada a yi, ba zan ce muku komai ba, don duk abin da na faɗa yau zan iya warware shi gobe da safe. Ku aka zaɓa, ku kuka yi karatu. Ku yi abin da za ku iya kallon Yolanda da shi, ku kuma iya kallon Hoyt da shi. Idan akwai irin wannan doka, Allah ya nuna muku ita.

Game da sunan, na yanke. Na tambayi Madam Feldkamp me zai faru idan an zartar. Ta ce kusan tabbas mutanen nan za su kai ƙara, kuma shari'a tana iya ɗaukar shekaru. Ke nan shekara da shekaru lauyansu zai tsaya a gaban alƙali yana cewa Dokar Wade, Dokar Wade. Za su rubuta shi a takardunsu, za su faɗe shi a talabijin. Idan kuma kotu ta rushe, jarida za ta ce an rushe Wade. Sunan nan ni na zaɓa, ina kwance a asibiti, Hoyt yana ta gardama yana son a sa na kakansa. Na ba soja ɗana, sun dawo mini da tuta. Sunan ne kawai ya rage a hannuna, kuma ba zan miƙa shi ga bakin mutanen can ba. Yallabai Magajin Gari, na san da ƙauna kuka yi. Ku yafe mini. Ban yarda ba. Ku sa mata lamba, ko sunan gari.

Sai roƙo ɗaya, kuma shi ne ya sa ban zauna a gida ba.

Da doka ko babu doka, Asabar tana zuwa. Na ji ana ta shiri. An ce babura za su ninka na bara, an ce masu motocin kashe gobara za su kunna jiniya, an ce 'yan makaranta za su kawo ganguna. Kowa yana shirya yadda zai kare Yolanda. Na tambayi mutum biyar ko wani ya je ya tambaye ta abin da take so. Kowa ya ce, ai ba a damun mai makoki da irin wannan. Ni ma haka aka yi mini. An kare ni, an ciyar da ni, an riƙe ni, amma babu wanda ya ce, Marlene, ƙara kike so ko shiru? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yolanda, 'yar uwata, ki yafe mini da na kira ki a gaban jama'a. Kendra ta sha zama a kantata tana yin aikin makaranta, tana shan madarar cakulan, tana gyara mini lissafi. Ba zan ce miki ki zaɓi shiru ba. Idan injuna suka mutu, za ki ji begila, za ki ji hafsan, amma wataƙila ki ji su ma, kuma abin da za su faɗa ba ya fita daga kunne. Idan injuna suka tashi, ba za ki ji su ba, ba kuma za ki ji komai ba. Na ɗanɗana ɗaya, ban ɗanɗana ɗayan ba, don haka ban san wanda ya fi ɗaci ba. Abin da na sani shi ne ke ce za ki kwana da shi sauran rayuwarki, ba mu ba. Ba sai kin amsa yanzu ba. Rusty, gobe ka cire hularka, ka je ƙofarta, ka tambaye ta. In ta ce ku tayar, ku tayar har tagogi su girgiza. In ta ce ku kashe, ku kashe, ku tsaya da jikinku kawai, ko me kuka ji daga bayanku, kada wani ya taɓa makullin baburinsa. Na san wannan ya fi wuya. Na san ka iya.

Ni kuma, in kin yarda, zan zauna a kujerar da ke bayanki. Ba zan ce komai ba.

Ina roƙon Ubangiji ya jiƙan Wade, ya jiƙan Kendra, ya jiƙan duk 'ya'yan da aka dawo da su a akwati, namu da na iyayen da ke can ƙasar da ban taɓa gani ba. Allah ya dawo da waɗanda suka rage da ƙafafunsu. Allah ya ba 'yan majalisarmu hikimar da ta fi tawa, ya sa abin da za su yanke ya zama alheri ga garin nan. Allah ya kiyaye mahaya babura a kan hanya. Allah ya sanyaya zuciyar mijina, da zuciyar wanda ya zage shi. Allah ya riƙe Yolanda ranar Asabar, da ranar Lahadi, da ranakun da ke biye, lokacin da tukwanen abinci za su daina zuwa.

Littafi Mai Tsarki ya ce mu yi wa maƙiyanmu addu'a. Na gwada yi wa matar nan, bakina ya ƙi. Fasto, ka yi mata a madadina, har ranar da zan iya.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.